Kalma Ɗaya a Rahoton Rijiyoyin Garin Jaji

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Binciken Ruftawar Rijiyar Garin Jaji, Azare.

Daga: Abdulsamad Saleh, mai duba rijiyoyi, Azare.

Kwanan wata: 4 ga Satumba, 2006.

Game da: Kalmar da aka sauya a rahotona, da rijiya ta biyu da har yau ake ɗiban ruwa a cikinta

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar girmamawa, ina roƙon izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 9 ga Mayu, 2006, na je Garin Jaji da ke kan hanyar Chinade na duba rijiyoyinsu biyu, ta bakin masallaci da ta mashayar shanu. Na sauka cikin kowacce da igiya a ƙugu. Simintin duka biyun ya tsage, ƙasa na zubowa.

2. Ƙa'idar ofishinmu ita ce a rubuta rahoto da Turanci. Ni ba gwani ba ne, don haka na wuni da ƙamus ina auna kalmomi uku. "Possibly" da "perhaps" wataƙila ce kawai, ta mai ɗaga kafaɗa. "Probably" kuwa na nufin abin ya fi kusa da faruwa. Ita na zaɓa, na rubuta cewa rijiyoyin na dab da ruftawa da damina.

3. Babban jami'in sashenmu ya soke ta da jan biro ya sa "possibly", wai kada a tayar da hankalin manya. A wurinmu rahoto mai "probably" ake tura wa magina, mai "possibly" kuma sai cikin fayil. Har masinja ya san haka. Aka sake bugawa aka kawo mini, na sa hannu. Na ga sauyin, ranka ya daɗe, ba zan ce ban gani ba. Tsoron ogana na ji.

4. Ranar 17 ga Agusta da hantsi, bakin rijiyar masallaci ya rufta da Malama Husaina, matar ladanin garin, tana jan guga. Sai bayan la'asar aka fito da gawarta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita ce ta dama mini fura ranar da na je dubawa, ta tambaye ni lafiyar rijiyar, na ce mata za a gyara.

5. Tun daga ranar, ko buta na ɗauka zan yi alwala sai in ji guga na bugun siminti. In na sha ruwa sai in ji ƙasa-ƙasa a bakina. Likita ya ce lafiyata ƙalau. Wallahi ba lafiya nake ba.

6. Rijiyar mashaya kuma tana nan cikin fayil ƙarƙashin wannan kalmar, ga shi duk garin ya koma kanta, mutane da shanu. Juma'ar da ta wuce na ƙirga mata goma sha ɗaya a bakinta. Tsagar da yatsa ke shiga a Mayu yanzu ta haɗiye hannuna har gwiwa. Haba, ranka ya daɗe!

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya karɓo takardar farko mai jan biro daga hannun mai buga takardu, a mayar da kalmata, a rufe rijiyar mashaya cikin makon nan, a kai wa garin tankar ruwa. In hukunci za a yi, a fara da ni, don sa hannun nawa ne. Amma a rufe rijiyar tukuna. Ba zan iya sake zuwa ta'aziyya garin nan ba.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Abdulsamad Saleh