Layin wayata da sunanka yake

Yaya Ilyasu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zaman Kwatano, ya maiɗakinka da yara? Mu nan Gudel lafiya lau, amma hankalina a tashe yake.

Shekaranjiya wayata ta faɗa kogi ina karɓar kifi. Ta ita masu saye suke nemana, ta ita suke biya. Na je ofishin kamfanin waya a mayar mini da lambata, suka ce sai mai layin ya zo da katin shaidarsa. Ashe da sunanka muka yanke shi!

Kifi ya fara wari, mutane na kira ba ta shiga. Don Allah ka taho.

Ka gaida kowa, a sa ni a addu'a. In Juma'a ta wuce, Yaya, sai dai in koma talla da tire a ka.

Ƙanwarka,
Hadiza