Zuwa ga Baba, a Kan Naman da Ya Ƙi Bushewa a Borokiri

Assalamu alaikum, Baba.

Ina durƙusawa ina gaishe ka daga Fatakwal, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya a Wudil, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki? Yaya ƙafar nan? Nan dai ruwa ake ta yi, yau kwana huɗu ba mu ga rana sosai ba.

Na san za ka yi mamakin jin cewa a jarida na sa wannan wasiƙa. Dalilina shi ne, abin da na yi maka a gaban mutane na yi shi, saboda haka a gaban mutane ya kamata in janye shi. Wanda zai karanta maka, don Allah ya bi a hankali, kada ya tsallake komai.

Ina tuna ranar da muka dawo Fatakwal bayan yaƙin basasa. A bayan babbar mota muka zo, ta Inugu, kana zaune a kan ƙunshin kayanmu. Da muka iso unguwarmu ta Borokiri muka tarar wasu ne a ɗakinmu na haya, sai muka kama na kusa da shi. Mama Ibinabo, maƙwabciyarmu mai bandar kifi, ta fito daga cikin hayaƙi ta kalle ka, ta koma ciki, ta dawo da wuƙaƙenka uku naɗe a tsumma. Duk shekarun da ba ma nan tana shafa musu manja kada su yi tsatsa. Ka gwada kaifin ɗaya a farcen babban yatsanka, ka ce, "To, gobe da aiki."

Ka koma fawa a kwatar Trans-Amadi. Abin da ya fi damunka a can shi ne naman da ke rage wa mahauta da yamma. Ba wurin sanyaya shi, zafin garin kuma ba ya ɗaga masa ƙafa. Kullum kana cewa, "Saniyar da ta taho tun daga arewa, bai kamata a bar wa ƙuda cinyarta ba." Shi ya sa ka ce za ka yi kilishi, kamar yadda ka koya a wurin mahaifinka.

Har kara ka sa direbobin shanu suka kawo maka daga gida, ka ɗaura gadon shanya a bayan ɗaki. Ka kan yanka nama falle-falle, siriri har ana hango haske ta cikinsa. A Wudil da hantsi ake shanyawa, a kwashe kafin magariba. A nan sai ya kwana uku yana danƙo, a na huɗu ya yi fumfuna. In ban da 'yan makonni a shekara, haka abin yake. 'Yan kwata suka sa maka suna Mai Kilishin Ruwa. Wani dillali ya kan ce, "Baba, ko a loda maka ranar Kano a motar gobe?" Sai ka yi dariya ka ce a haɗo da sauƙin kuɗin mota. Damina uku kana gwadawa.

Yanzu ga laifina. A hutun shekarata ta biyu a jami'a na aro na'urar auna laimar iska. Kwana goma sha huɗu ina aunawa a bayan ɗakinmu, safe da azahar da la'asar, ina rubutawa. Da na gama, maimakon in same ka kai kaɗai, sai na biyo ka rumfar kwata bayan sallar azahar, ga Sarkin Fawa, ga abokan sana'arka, na buɗe littafi na karanta. Na ce maka iskar garin nan ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba za ta karɓi na nama ba, ko shekara goma za ka yi ba zai yiwu ba.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi. Ka dube ni ka ce, "To, malam ya yi magana." Da yamma ka kwance gadon karan. Bayan wata biyu ka ɗauki Inna kuka koma Wudil, ka ce ƙafarka ce ba ta son sanyin teku.

Baba, awon da na yi daidai ne. Na sake yin sa bana, bai canja ba. Hukuncin da na yanke a kansa ne kuskure. Iska mai laima idan aka ɗumama ta, tana karɓar ruwa. Wannan yana cikin littafinmu na shekarar farko. Yana kuma nan a ƙofar ɗakinmu, taku goma sha ɗaya zuwa murhun Mama Ibinabo, na ƙirga. Da na gama makaranta na dawo, na zauna kusa da ita ina kallon kifinta yana bushewa ana tsuga ruwa. Ta ce da ni, "Your papa dey wait for sun." Wato kai rana kake jira, su kuwa mutanen bakin ruwa tun kakanninsu ba sa jiranta.

Sai dai nata da hayaƙi ne, kai kuma ka sha faɗa cewa in hayaƙi ya taɓa nama tun yana ɗanye ya zama banda, ba kilishi ba. Saboda haka na sami wani mai walda mutumin Anaca, muka nemo durom biyu na mai, waɗanda yanzu ko'ina a garin nan zube suke. Wuta tana ci a rufe cikin ɗaya, hayaƙinta ya fita ta bututu, zafin kaɗai ke shiga ɗayan, ya ratsa ragar da naman ke kai. Dusar katako muke ƙonawa. Gwaji na farko ya ƙone. Na biyu da na uku hayaƙi ya sulala ciki. Na huɗu da na biyar gefe ya bushe, tsakiya bai bushe ba. Na shida, Baba, na shanya da hantsi, na kwashe da la'asar, yana ƙaras-ƙaras, ruwa kuma bai ɗauke ba duk yinin. Na rufe shi a gwangwani mako uku, ba fumfuna. Abin da ya wuce mako uku ban gwada ba, don haka ba zan ce komai a kai ba.

Garin ya canja tun tafiyarka. Kuɗin mai sun shigo, jiragen ruwa suna sauke naman gwangwani daga ƙasashen waje, mu kuma namu yana lalacewa a kan tebur. A kasuwar Oil Mill na ga an zubar da kwandunan barkono da kuɓewa da suka yi kwanaki a hanya. Wanda ya noma su ya yi asara, wanda ya ɗauko su ya yi asara, mai saye kuma gobe zai saya da tsada. Duk abin da muke kawowa ɗanye, in ba a sayar da shi yau ba, ya lalace. Irin wannan durom ɗin, in aka gyara shi, ina tsammanin zai busar da su ma. Tsammani na ce, ban gwada ba tukuna.

Abokan karatuna duk sun nufi kamfanonin mai. Ni ma wani kamfani ya ba ni takardar ɗaukar aiki, an ce in ba da amsa kafin ƙarshen watan gobe. Tana cikin akwatina, kullum sai na ciro ta na sake karantawa. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji kada in ƙi aikin, kilishin kuma ya ƙi.

Na kai wa Sarkin Fawa abin da na yi. Ya ce zai ba da fili a bayan rumfa, dillalai uku kuma za su sa hannu a gina babban wurin busarwa irin na durom ɗin. Amma ya tauna, ya tauna, ya ce, "Yaro, ni ba takarda nake ci ba. Mai abin, mahaifinka, ya ɗanɗana. In ya ce kilishi ne, mun shiga."

Gaskiyarsa. Yankana kauri ne da shi. Labun da nake tsoma naman ciki kuwa, na auna tunkusa da citta da kanumfari da masoro a sikeli, na canja awon sau da yawa, har yau bai yi kama da naka ba. Sau nawa ka kira ni in zo in ga yadda ake damawa, na ce ina karatu.

Ina kewarka, Baba. Ina kewar ƙamshin kanumfari a hannun rigarka. Ina kewar yadda kake tsayawa a bakin ƙofa ka ɗaga kai ka dubi gajimare, kana yi masa magana kamar wani yaron gidanka da ya ƙi jin aike. Jiya na kama kaina ina yin haka, ni da ba na bukatar rana yanzu.

Na ba Malam Ado direba ƙunshi biyu, zai iso Wudil ranar kasuwa in Allah ya yarda. Na farko kilishina ne, da labuna. Ka ci don ka san inda na tsaya. Na biyu busasshen nama ne zalla, ban sa masa komai ba. Shi nake roƙon ka tsoma a labunka, ka shanya, ka gasa da hannunka. In ya karɓa, ka biyo Malam Ado, na riga na gaya masa ya ajiye maka gaban mota. In bai karɓa ba, ka aiko mini da gaskiya, zan kai wa kamfanin amsar cewa na karɓi aikinsu, ba zan yi musu da kai ba. Ko wanne ne, kada ka yi shiru. Ka aiko ko da faɗa ne. Shekara biyu ke nan ba ka yi mini faɗa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sanyaya zuciyarka a kaina. Allah ya sa albarka a abin da ƙasarmu ke fitarwa, ya hana shi lalacewa a hannunmu. Ka gaida Inna, ka ce ta taya ni roƙo.

Ɗanka mai neman gafararka,
Habibu
Borokiri, Fatakwal