Tiyon da Yaya Sabo ya ɗaura

Daren Laraba, Kura.

Yau na kai motar marigayi Yaya Sabo Kano, wurin masu na'urar gwada ƙarfin inji. Tun da na ƙarasa haɗa injin turbon da ya ɗora mata don ƙara mata ƙarfi kafin ya kwanta ciwo, in na taka ta a hanyar Bunkure sai ta shaƙe, tana wani irin huci.

Suka ɗaure ta tamau, tayoyin gaba suna gudu a kan ƙarafa masu juyawa, ita kuwa tana nan inda take. Da Malam Habu bakanike ya taka ta sosai, hucin ya fito, sak numfashin Yaya a kwanakinsa na ƙarshe.

Malam Habu ya buɗe bonet ya yi dariya. "Malam, wa ya sa tiyon ban ruwa a bututun iskar turbo? Ai da iska ta matsa sai ya kumbura ya yi yoyo."

Na leƙa ciki. Na san tiyon, daga injin gonar shinkafarmu aka yanko shi. Ga ɗaurin robar Yaya nan, irin wanda yake yi wa kowane tiyo a bakin ruwa.

Aka sa bututun gaske, ƙarfi ya dawo, na yi godiya. Amma har na iso gida ina kasa kunne, ba ta yi hucin ko sau ɗaya ba.

Tiyon yana gefen tabarmata. Na kasa kwance ɗaurin.