Ruwan Alwala Zai Rama Min

Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya zafin Damaturu? Mu nan Azare lafiya lau.

Kin tuna agogon da rukuninmu ke haɗawa a makaranta, wanda in an tare mutum ya danna sai ya kira 'yan gidansu? Ni na zana shi, amma shugabanmu Bukar ya cire sunana, wai lantarki ba aikin mata ba ne. Bai san ban toshe kafar da ruwa ke shiga ba. Ranar Alhamis malaminmu zai ɗaura shi tun safe, a gwada bayan azahar. Ruwan alwala zai rama min, ina zaune a layin gaba.

A gaida maigidan. Ki taya ni addu'a kada tausayi ya kama ni kafin ranar.

Ƙanwarki,
Yagana