Kunun Mero da Tukwanen Jebel Ali

Port Saeed, Dubai,
Talata.

Zuwa ga Abban Muhsinat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya tarin Muhsinat, ya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Mun sauka lafiya da hantsi. Jirgin da zai ƙarasa da mu taron malaman kimiyya a Malesiya sai gobe, shi ya sa aka ajiye mu a wani otal a bakin ruwa. Ta taga ina kallon jiragen katako ana loda musu firij da buhunan shinkafa. Abokan tafiyata duk sun nufi kasuwar gwal. Ni kuwa ka san inda na nufa, tunda tun a gida na nemi izininka ka ba ni.

Sa'adiya ce ta zo ta ɗauke ni, tsohuwar ɗalibata da ta taɓa ƙona mana labulen ɗakin gwaji. Yanzu ita ke auna ingancin abin sha a masana'antar malta da ke Jebel Ali. Kamfanin dai a Turai da giya ya yi suna, amma reshensu na nan malta kawai yake dafawa, irin wadda ba ta sa maye, wadda muke ba baƙi a biki.

Abban Muhsinat, da ka ga tukwane! Kowace ta fi falonmu girma, wurin kuma duk ƙamshin tsiron hatsi, kamar tsakar gidan Hajiya ranar dama kunun zaƙi. Mai kula da tukwanen wani mutumin Zangon Kumasi ne, Sualah, shekararsa takwas a nan. Da ya ga na fito da littafi da biro sai ya yi dariya, wai Madam Ticha ta zo yi masa jarrabawa.

Na ba shi labarin Mero, mahaifiyar Nuriyya shugabar ƙungiyarmu ta kimiyya. Ka san da kunun zaƙin da take sayarwa a tasha take riƙe da gidanta, kuma duk wanda ya kwana sai gorar ta kumbura, ta juye shi a kwata. Zangon karatu guda 'yan matan ƙungiyata suna fama da neman maganin wannan. Sualah ya ja ni wurin wani dogon inji inda kwalabe ke wucewa cikin ruwan zafi. Ashe mu baibai muke yi. Muna tafasa kunu sannan mu ɗura a gora, su kuwa sai sun ɗura sun toshe bakin kwalba tukuna su ɗumama ta, ba tafasa ba, zafi digiri sittin da biyar na rabin awa, sannan a bar ta ta huce. Shi ke nan fa!

Da za mu fito ya ɗebo mini ruwan tsiron sha'ir mai ɗumi a kofin gilashi, ya miƙo da hannu biyu, ya ce a Zango baƙo ba ya fita da busasshen maƙoshi. Na yi bisimilla na sha, zaƙi kamar an sa zuma. Sa'adiya ta ɗauke ni hoto, nan take na tura shi zauren waya na 'yan ƙungiya da iyayensu, haɗe da bayanin yadda za su gwada. Da hannu na rubuta maka wannan wasiƙa, zan ɗauki hotonta in turo.

Ka gaida Hajiya, ka shafa mini kan Muhsinat.

Taka,
Barira.


Filin jirgin Dubai,
Laraba.

Abban Muhsinat,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kai da Hajiya da Muhsinat.

Na ga saƙonninka duka, na kuma ga takardar da Firinsifal ta rubuta ta ba ka ka turo mini in sa hannu. Yanzu na gane abin da ya faru. Wani daga cikin iyaye ya yanke bayanina ya bar hoton, ga ni da hijabi, ga kofi mai kumfa, ga tambarin kamfanin a jikinsa, ya watsa a gari cewa malamar 'yan mata tana shan giya a Dubai.

Akwai inda na yi kuskure, ba zan musa ba. Zumuɗi ya hana ni duba abin da ke rubuce a jikin kofin, ya kuma mantar da ni cewa a garinmu hoto kan isa inda bayani bai isa ba. Na jawo maka magana a masallaci da wurin aiki. Ka yafe mini wannan, har cikin raina ya dame ni.

Amma takardar nan ba zan sa mata hannu ba. Ta ce direban tasi ne ya kai ni bisa kuskure, ban san inda na shiga ba, da na gane kuma sai na fito a guje. Babu tasi. Da ƙafata na shiga, awa uku na yi, na cika shafi tara. Wai in na sa hannu za a bar mini ƙungiyar, in na ƙi za a karɓe ta, wataƙila har da ajina. Shekara goma sha ɗaya ina hana yarinya goge sakamakon gwaji ta rubuta wanda ya fi kyau. Da wace fuska zan tsaya gabansu bayan na goge nawa? Sannan ka tuna da Sa'adiya. In na ce gudu na yi daga wurin, na shaida wa gari ke nan cewa inda take cin abinci ƙazanta ne, alhali uwarta tana nan a unguwarmu.

Abin da na sha babu yis a ciki, bai kwana ba, bai tashi ba. Gorar kunun da ta kwana biyu a shagon bakin makaranta, wadda malamai ke saye suna cewa tsaminta ya fi daɗi, ta fi shi kusa da abin da suke zargina da shi. Wannan zan faɗa a gaban kowa.

Ka ce in yi haƙuri in bari ƙura ta lafa. Na san don ni ka faɗa. Ka mayar wa Firinsifal takardarta da ladabi, ka ce ina gaisuwa.

An kira jirginmu. Allah ya tsare mini ku.

Taka,
Barira.


Port Saeed, Dubai,
Alhamis ta mako na biyu.

Abban Muhsinat,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya? Na ji daɗi da ka ce tarin Muhsinat ya tafi.

An gama taro, ga ni a otal ɗin nan dai a hanyar dawowa. Takardar makaranta ta iso ni: an karɓe ƙungiyar, an dakatar da ni daga aji sai kwamiti ya zauna. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da na share hawaye sai na kira Sa'adiya muka koma Jebel Ali, don akwai tambaya biyu da na manta ban yi ba. Sualah ya ji labari, ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa shi ya jawo. Na ce masa in ya sake miƙo mini kofin zan sake karɓa. Ya miƙo, a kofin roba wannan karon, muka yi dariya. Ya kuma ba ni tsohon ma'aunin zafinsa kyauta.

Nuriyya ta aiko mini da murya. Uwarta ta gwada da kwalabe goma sha biyu, tana gwada zafin ruwan da yatsa. Uku sun fashe, biyu sun yi tsami, bakwai sun kwana biyar lafiya lau. Mero ta ce ranar zaman kwamiti za ta je da kwalba ɗaya da gora ɗaya da aka ɗura rana guda, ta roƙi wanda ya watsa hoton ya buɗe gorar da hannunsa. Na ce ta gaya masa ya sa tsohuwar riga.

Nuriyya ta kuma faɗa mini abin da kai ba ka faɗa ba, cewa kai ka kai musu kwalaben a bayan mashin, da rana tsaka, ta gaban majalisar da ake maganata. Na gode, Abban Muhsinat. Sauran godiyar sai na zo.

Makaranta ta rufe mini ɗakin gwaji, amma tsakar gidanka ba nata ba ne. Iyayen yara shida sun yarda 'ya'yansu su zo ranar Asabar mu ci gaba da gwajin, Mero ma za ta zo da maƙwabtanta biyu. In ka amince, ka karɓo mini babbar tukunyar Hajiya, ka sa a kawo gawayi buhu ɗaya. Ma'aunin yana cikin jakar hannuna, na naɗe shi a ɗankwali.

Taka har kullum,
Barira.