Sanarwar Jana'izar Kawu Bulus

Yaya Laraba,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya maigida da yara? Mu a Romi lafiya, ni ne dai kunya ta ishe ni.

Kin ce in ɗora shafin ƙungiyar garinmu a kan manhajar da aka riga aka haɗa, yadda ko sakatare zai iya gyarawa. Na yi taurin kai, na rubuta komai da kaina. Ina ƙauye babu sabis ɗin waya aka dawo da jana'izar Kawu Bulus Juma'a maimakon Asabar, kuma ba wanda ya iya canja sanarwar. Inna Saratu ta iso daga Legas ran Asabar sanye da ankon jana'izar, ta tarar an binne yayanta. Ba ta yi mini faɗa ba, ruwa kawai ta nema.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a, har yau na kasa haɗa ido da ita.

Ƙaninki,
Yohanna