Ni Na Tura Taswirar Giwaye, Wata Za a Kora

Goggo, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali ki hanzarta, domin kwana goma sha ɗaya suka rage a yi zaman da nake jin tsoro. Kada ki sa sunana. Na rasa wanda zan faɗa wa, shi ya sa na zo gare ki.

Shekara ashirin da biyu na yi ina gadin gandun daji. Na shiga da ƙuruciyata, na fito da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa sosai. Yanzu ina wata ƙasa mai nisa, ina aiki a ɗakin sanyi na wani kamfanin kayan lambu, ina jera kwalaye tun safe har la'asar. Ɗakina ɗaya ne, gado da tebur da taga mai kallon bangon wani gida. Iyalina suna gida. Ba don ki ji tausayina na faɗi wannan ba, sai don ki gane irin daɗin da na ji shekara uku da suka wuce, ranar da ƙungiyar da ke kare namun dajin gandunmu ta nemi in shiga kwamitin amintattunta.

Mu tara ne a kwamitin. Akwai lauyoyi biyu, da farfesa, da wata tsohuwar ma'aikaciyar banki wadda ita ce shugaba, da sauransu. Ba a biyan kowa. Sau huɗu muke zama a shekara ta bidiyo, kuma zaman yakan faɗo daidai hutun cin abincina. Sai in nemi kusurwa a ɗakin cin abinci na ma'aikata, in jingina wayar da filas ɗin shayi, yatsuna ba su gama hucewa daga sanyi ba, in yi ta sauraron turancinsu. Hotona da tsohon kakina shi ne a shafin farko na rahotonsu na shekara. Amma in na yi magana, sai shugaba ta gode mini da wannan gogewa tawa, a wuce batu na gaba. Na ce kada a haƙa tafki kusa da gonakin mutane, aka gode mini, aka haƙa, giwaye suka cinye gonakin. Ba na cewa mugayen mutane ne. Ɗaya daga cikin lauyoyin nan shi ya ƙwato wa gandun takardun iyakarsa bai karɓi ko sisi ba, kuma ba don su ba da masu gadi har yau ba su da takalman kirki. Kawai dai ni ado ne a wurinsu, kuma na sani.

A bara kujera ɗaya ta zama babu kowa. Shugaba ta ce kowa ya kawo suna, an fi son ɗan yankin mai sana'a a hannu. Na kawo mijin ƙanwata. Yana da ƙaramin masaukin baƙi a bakin gandun, da motoci uku masu kai mutane kallon dabbobi. A takarda na rubuta cewa ya san yankin kuma mutane suna jin maganarsa, kuma hakan gaskiya ne. Abin da ban rubuta ba shi ne na gaji da ɗaga hannu ni kaɗai. Ina son in waiwaya in ga hannu na biyu.

Shi kuwa ya yi ta ja mini rai. Wai irin waɗannan ƙungiyoyi surutu ne da ɗaukar hoto. Har da zolaya, wai babban wakilin giwaye ga shi can yana jera kabeji. Na yi dariya a waya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

A nan na yi ɓarnar. Giwaye shida a gandun suna da abin wuya mai na'ura da ke nuna inda suke. Duk wata ana fitar da taswira mai nuna inda suke shan ruwa, da inda suke kwana, da hanyar da suke bi. Mutum uku ne a ofishin gandun suke ganinta, sai 'yan kwamitin da suka sa hannu a takardar riƙe sirri. Sabon shiga ba ya gani sai an zaɓe shi ya sa hannu. Goggo, ni na dage aka kafa wannan doka. Shi ne kusan abu ɗaya da na taɓa faɗa suka ɗauka. Ni ɗin nan kuma na ɗauki taswirar na tura wa surukina, don ya ga aikin ba surutu ba ne. Na ce ya duba ya goge.

Bai goge ba. Ya sa ta a gurup ɗin direbobinsa na waya don su riƙa kai baƙi inda za su ga giwa ba tare da yawo ba. Mutum ashirin da wani abu ne a gurup ɗin, da direba da makanike da mai dafa abinci, har da waɗanda suka bar aikin tuntuni ba a cire su ba.

Bayan mako biyar aka tsinci uwar garken giwayen a mace. Yagaggiya muke ce mata saboda kunnenta na hagu. A bakin wani rafi aka same ta, wurin da ko ni ban san suna zuwa da rani ba sai da na'urar ta nuna. An cire haurenta, an yanke abin wuyan an jefa a ruwa. Shekara goma sha tara na san ta. Ta taɓa tsayawa ta bar ni na wuce tsakaninta da ɗanta ba ta ko ɗaga hanci ba. Ranar da aka turo mini hoton gawarta na shiga bayan kwalaye na tsaya, har mai kula da mu ya zo yana tambaya ko gwiwar ce.

An kama mutum ɗaya, aka ga hoton taswirar a wayarsa. Ya ce turo masa aka yi, wanda ya turo ma turo masa aka yi. Sai zargi ya faɗa kan malamar da ke kula da bayanan na'urorin, domin ta taɓa tura taswira ta wayarta ga shugaban masu gadi lokacin da kwamfutar ofis ta lalace. An dakatar da ita. A zaman da ke tafe za a kaɗa ƙuri'a a kan korarta. A wannan aiki, wanda aka kora kan fitar da taswira ba ya sake samun wurin da zai ɗauke shi. Shekara bakwai tana nan, ita ta koya wa masu gadi karanta na'urar. Ta kira ni makon jiya. Baba take ce mini. Ta roƙe ni in sa baki, wai ni kaɗai ne a kwamitin na san yadda aikin daji yake. Na ce mata Allah ya bayyana gaskiya. Har yanzu ina jin kunyar bakina.

Surukina kuwa an riga an zaɓe shi, ya sa hannu, yana zama da mu. Ya ce in yi shiru. Ya ce babu wanda zai iya rantsuwa cewa taswirar da ta fita ta hannunmu ce ta kai hannun maharban, kuma a wannan bai yi ƙarya ba. Ya ce in na buɗe baki za a janye masa izinin shiga gandun, masaukin ya mutu, ma'aikata goma sha huɗu su zauna a gida. Ƙanwata ta kira tana kuka, wai Yaya giwa dai ta mutu, sai na haɗa da gidanta. Ita ke riƙe da mahaifiyarmu tun da na taho. Ita ke kai ta asibiti, ni sai dai in kira in ce yaya jiki.

Zan faɗa miki na ƙarshen ma, ko da ba shi da kyan ji. Ina tsoron rasa kujerar. A nan babu wanda ya san na taɓa zama wani abu. Zaman nan sau huɗu a shekara shi ne ya rage mini na dajin.

Na yi tunanin in ƙi ɗaga hannu a kan korar ba tare da na faɗi dalili ba. Na yi tunanin in ajiye kujerar in ce rashin lafiya. Na yi tunanin in faɗi nawa laifin in ɓoye sunansa, amma ko yaro zai gane. Goggo, me zan yi?

Tsohon mai gadin daji, daga nesa

Ɗan'uwa, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ina yi maka ta'aziyyar Yagaggiya, domin na ga rashi ne a wurinka ba labari ba.

Bari in fara sauke maka abin da ba naka ba. Ba kai ka harbe ta ba, kuma surukinka yana da gaskiya cewa ba a tabbatar taswirarku ce ta kai ga maharban ba. Wataƙila ba za a taɓa tabbatarwa ba. Tsoron ƙanwarka ma ba son kai ba ne. Mace ce da ke ɗauke da uwa da gida, tana ganin abincin mutum goma sha huɗu na rawa.

Amma abin da ka sani tabbas ba ƙarami ba ne. Ka san taswira ta fita ta hannunka, ka san ta shiga wayoyi fiye da ashirin, kuma ka san kwamiti zai yanke wa mace hukunci bai san wannan ba. Ba a ɗora maka gano wanda ya kashe giwa ba. An ɗora maka kada ka bar abokan zamanka su yi hukunci a cikin duhu alhali fitilar tana hannunka.

Hanyoyi ukun da ka lissafa duk ba sa fitar da malamar. In ka ƙi ɗaga hannu, sauran za su ɗaga. In ka ajiye kujera, ka fitar da mutum ɗaya tilo da zai iya wanke ta. In ka faɗi rabi, za a tono sauran, kuma daga nan babu mai ƙara yarda da kai. Akwai kuma abin da ba ka ambata ba, kai da ka fi ni sanin daji: giwaye biyar suna nan da abin wuyansu, taswirar kuma tana yawo. Masu gadi suna bukatar sanin ta wane wata ce da inda ta shiga, don su san rafin da za su tsare. Kowace rana ta shirunka giwayen take ci.

Saboda haka kada ka jira zaman. Ka kira surukinka yau, ka gaya masa cikin kwana biyu za ka rubuta wa shugaba, kuma ka fi son ku rubuta tare. Wanda ya kai kansa ba a yi masa kallon wanda aka kamo. In ya ƙi, ka rubuta kai kaɗai. Takardar ta zama gajera: ranar da ka tura, abin da ka tura, wanda ka tura wa, da abin da ya ce ya yi da ita. Ka nemi a janye batun korar, ka ce kai da shi ba za ku kaɗa ƙuri'a a kan wannan magana ba. Ka roƙi a saurare shi kafin a taɓa izininsa, a kuma tuna da ma'aikatansa. Kada ka sa ko layi ɗaya na yadda suka daɗe ba sa jin maganarka. Ƙorafin nan gaskiya ne, amma in ya shiga wannan takarda zai zama kamar neman mafaka.

Ƙanwarka ta ji daga bakinka kafin ta ji a wani wuri. Kada ka yi mata alkawarin cewa komai zai tafi daidai, domin ba ka sani ba. Ka gaya mata abin da za ka ɗauka daga nauyin mahaifiyarku, ka faɗe shi dalla-dalla, ka kuma cika. Za ta yi fushi, mai yiwuwa ya daɗe. Ka ci gaba da kira ko ba ta ɗauka.

Bayan takardar ta isa, ka kira malamar. Ka faɗa mata abin da ka yi da abin da ka ɓoye ranar da ta roƙe ka. Kada ka nemi ta yafe a take. Wannan nata ne, ta bayar lokacin da ta ga dama.

Kujerar kuwa, ka miƙa musu ita su yanke. Ba zan ruɗe ka ba, za ka iya rasa ta. In sun bar ka, ka nemi zama da shugaba kai da ita, ka gaya mata ba hoto ka zo bayarwa ba, kuma nan gaba in za a kawo sabon mutum a fara tambayar ko yana da sana'ar da ke cin abinci a gandun. In sun karɓe, akwai masu gadi matasa da za su so jin abin da ka sani, kuma waya tana kai wa gare su ba sai da kwamiti ba. Ka kuma nemi mutum ko ɗaya a inda kake wanda za ku riƙa zama kuna hira. Kaɗaici ne ya sa zolayar suruki ta yi maka nauyin da ta yi.

Zai yi ciwo, ɗan'uwa, kuma ba lalle a gode maka ba. Amma akwai mace da ke zaune a gida tana jiran ranar da za a kashe mata suna, kuma kai kaɗai ne za ka iya hanawa. Ka rubuta takardar. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya zuciyar ƙanwarka, ya ƙara wa mahaifiya lafiya, ya kuma mayar da kai gida cikin mutuncinka.

Goggo